Ba kowane farin ruwa ne sanyi ba: abin da homon da bakteriya ke yi a gaban mace

Akwai maganar da na gaji da ji wallahi. Da zarar mace ta ga ɗan danshi ko farin ruwa a wandonta shikenan hankali ya tashi, wai ta kamu da sanyi, wasu kuma su ce infekshan. Daga nan sai a shiga shaye-shayen magani, yau kafso gobe allura, a wanke da wannan a cusa wancan, kuma abin haushin shine da yawansu lafiyarsu ƙalau tun farko, maganin ne ma ya jawo musu ciwon da suke gudu. Ita kanta kalmar sanyi ɗin nan ta zama buhu, kowa abin da ya ga dama yake zubawa a ciki, a da in an ce ciwon sanyi gonoriya ake nufi, yanzu kuwa ƙaiƙayi sanyi, wari sanyi, ciwon mara sanyi, har ruwan da jiki ya ƙera da kansa don kare mace shi ma an sa shi a layin. To bari mu warware abin a hankali 'yar uwa.

Farko dai, daga ina ruwan yake zuwa? Shi farjin kansa ba shi da wata maɓuɓɓuga ta musamman kamar yadda baki yake da masu kawo yawu. Abin da kike gani haɗin gambiza ne. Akwai ruwan da ke tsattsafowa ta bangon farji daga ƙananan jijiyoyin jini, kamar dai yadda sabon tulu ke yin gumi ta jikinsa. Akwai yauƙi mai kama da majina da bakin mahaifa ke sakowa. Akwai tsofaffin ƙwayoyin fatar ciki da bangon ke kaɗewa kullum yana sake sababbi, su ne ma suke ba shi farin launin nan. Sai ɗan abin da ke gangarowa daga mahaifa, da na wasu 'yan jakunkuna guda biyu a bakin ƙofa. Sannan sai bakteriya, ba kaɗan ba fa, ana maganar miliyan 100 zuwa biliyan 1 a cikin giram ɗaya na ruwan. Gaba ɗaya a rana mace mai lafiya takan fitar da kamar mililita 1 zuwa 4, wato bai cika ƙaramin cokali ba, amma wannan lissafi ne na tsaka-tsaki, wata nata ya fi haka wata bai kai ba kuma duk lafiya suke.

Wanda ke riƙe da akalar wannan duka shine homon. Homon sinadarai ne 'yan aike, wani sashe na jiki ya sake su cikin jini su tafi su ba wani sashe umarni. Biyu ne suka fi shafar maganarmu, istirojin da furojestaron, dukkansu ma'ajiyar ƙwai ce ke samar da mafi yawansu bisa umarnin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa.

Ga sarƙar, kuma in kika riƙe wannan kin riƙe komai. Istirojin yana sa bangon farji ya yi kauri, hawa-hawa, kuma ya sa ƙwayoyin bangon su cika cikinsu da wani sitaci da ake kira gilaikojin. Idan tsofaffin ƙwayoyin suka kaɗe sitacin ya zube a fili, wasu sinadarai masu narkarwa su farfasa shi ya koma ƙananan suga. Su kuma bakteriyar da ake kira laktobasilas wannan sugan shine abincinsu, su ci su fitar da wani asid mai suna laktik, wurin ya yi tsami. Tsamin nan shine katangar. Yawancin ƙwayoyin da ke kawo cuta ba sa iya zama a cikinsa, su kuwa laktobasilas nan ne gidan ubansu. Kenan jiki ne yake ciyar da masu gadi, masu gadi kuma suna tsare gida, ba bashi ba riba.

Ana auna tsamin da ma'aunin da ake kira pH. Lamba 7 shine tsaka, kamar ruwa zalla, in lambar ta yi ƙasa tsami ya ƙaru. Na mace mai lafiya a shekarun haihuwa yana tsakanin 3.8 da 4.5. Kar ki raina bambancin don kin ga lambobi ƙanana, kowane taki ɗaya ninki 10 ne, to daga 7 zuwa 4 ninki 1,000 kenan. Shi ya sa za ki ga baƙin wando ya koɗe a tsakiya ya yi ja-ja ko fari, mata da yawa suna ganin wannan su tsorata, alhali asid ɗin ne ya ci rinin, alama ce ma ta cewa masu gadin suna bakin aiki. Haka ɗan ƙanshin tsami-tsami da ake ji, na lafiya ne. Wurin nan ba a halicce shi don ya yi ƙamshin turare ba.

Wani likitan mata Bajamushe Albert Döderlein ne ya fara bayanin waɗannan bakteriya a 1892, har aka daɗe ana kiransu da sunansa. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa, in aka duba sauran dabbobi masu shayarwa, har da birai da suka fi kusa da mu a ƙirar jiki, laktobasilas ɗinsu bai taka kara ya karya ba, sau da yawa ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba kuma wurin ba shi da tsami irin wannan, amma a mace 'yar adam yakan wuce kashi 70. Wannan tsari kusan namu ne mu kaɗai.

In kina so ki tabbatar cewa istirojin ne mai akalar, bi rayuwar mace daga haihuwa. Jaririya sabuwar haihuwa tana zuwa da ragowar istirojin ɗin mahaifiyarta a jini, shi ya sa a kwanakin farko za a iya ganin farin ruwa a gabanta, wani lokacin har da ɗan ɗigon jini, uwa ta rikice a yi ta salati, amma cikin 'yan makonni homon ɗin ya ƙare abin ya wuce da kansa. Daga nan har zuwa balaga babu istirojin sosai, bangon siriri ne, ba sitaci, laktobasilas kaɗan ne, pH ɗin yana wajen 7. Wannan ne dalilin da ya sa ƙananan yara mata suke saurin yin ja da ƙaiƙayi daga sabulu mai ƙarfi ko kuskuren goge kashi daga baya zuwa gaba. Sai balaga ta matso, ma'ajiyar ƙwai ta farka, kamar wata 6 zuwa shekara kafin jinin farko yarinya ta fara ganin farin ruwa. Don Allah iyaye, wannan ba sanyi ba ne kuma ba alamar ta yi wani abu ba ne, jikinta ne ke sanar da cewa al'ada na tafe.

Yanzu mu shiga cikin wata guda, don nan ne abin ya fi daɗin bayani kuma nan ne aka fi ruɗewa.

Bayan jini ya ɗauke akwai 'yan kwanaki da wurin yake kusan bushe, ko ɗan abu mai danƙo kaɗan. A lokacin istirojin yana ƙasa yana fara hawa ne. Yadda ƙwai ke nuna a ma'ajiya haka istirojin ke ƙaruwa, shi kuma bakin mahaifa yana jin saƙon sai ya fara canza yauƙinsa, ya fara da fari-fari mai laushi kamar man shafawa, sannan ya tsinke ya yi garai-garai, mai santsi, mai jawuwa kamar farin ɗanyen ƙwai, in kika sa tsakanin yatsu biyu kika buɗe zai miƙe santimita da yawa bai tsinke ba. Ruwan da ke cikinsa ya ƙaru har ya kai wajen kashi 98 cikin 100, yawansa kuma ya ninka na sauran kwanaki sau goma ko fiye. In aka shafa shi a gilashi ya bushe aka duba a madubin likita gishirin da ke ciki yana yin zane kamar reshen ganye, likitoci sun daɗe suna amfani da wannan wajen gane ko istirojin ya hau.

Me ya kawo wannan ɗawainiyar? Maniyyi. Tsamin farji da muke yabo ɗazu ba ya bambance baƙo, yadda yake kashe ƙwayar cuta haka yake kashe ƙwayar maniyyi cikin ɗan lokaci. To shi wannan yauƙi na kwanakin fitar ƙwai ba shi da tsami, kuma zarurrukansa suna jeruwa su bar hanyoyi, maniyyi ya samu ya tsere daga asid ya shige ciki ya fake, a nan zai iya rayuwa har kwana 5 yana jira, shi kuwa ƙwan mace in ya fito awa 12 zuwa 24 kawai gare shi. Kinga kenan ruwan da wata take zuwa neman maganinsa a tsakiyar wata, tana kuma kukan rashin haihuwa, shine ainihin alamar da ya kamata ta yi murna da ita. Wasu likitoci miji da mata a Ostareliya, John da Evelyn Billings, sun gina tsarin gane kwanakin ɗaukar ciki kacokan a kan lura da wannan yauƙin.

Da ƙwai ya fita sai labari ya juya. Gurbin da ya bari a ma'ajiya ya fara zubo furojestaron, shi kuma aikinsa kulle ƙofa ne, yauƙin ya yi kauri ya yi danƙo ya ragu, zarurrukan su sarƙe kamar raga, ya toshe bakin mahaifa ba maniyyi ba ƙwayar cuta. Abin da za ki gani a makonni biyun da ke tsakanin fitar ƙwai da zuwan al'ada fari ne mai kauri, in ya bushe a wando ya ɗan yi rawaya-rawaya. Wannan dabarar ce masu haɗa maganin tazarar haihuwa suka ara, ƙwaya mai homon ɗaya da ashanar da ake sawa a dantse da robar mahaifa mai homon, duk cikin ayyukansu akwai kaurara yauƙin nan. Don haka in kin fara tsarin iyali kika ga ruwanki ya canza ba abin mamaki ba ne.

Jinin al'ada kuwa pH ɗinsa wajen 7.4 ne, in ya zo yana dusashe tsamin, laktobasilas su ragu na 'yan kwanaki wasu baƙi su ɗago kai, bayan ya wuce a koma daidai. Maniyyi ma haka, nasa 7.2 zuwa 8 ne, bayan saduwa sai an ɗauki awanni kafin tsamin ya dawo. Riƙe waɗannan biyun, za mu dawo kansu.

Ruwan sha'awa shi daban ne da duk wannan, jini ne ke kwararowa wurin da yawa sai tsattsafowar bangon ta ƙaru cikin daƙiƙu. Amma shi ma yana buƙatar bango mai lafiya wanda istirojin ya gina.

Mai ciki istirojin ɗinta yana sama sosai, ruwa ya ƙaru, fari mai ɗan tsinkewa marar wari, laktobasilas su kafu daram fiye da kowane lokaci, bakin mahaifa kuma ya yi toshiya ta yauƙi mai kauri da sai haihuwa ta matso take fita. Da an haihu mabiyiya ta fita homon ya faɗi warwas, in tana shayarwa kuma homon ɗin nono yana danne ma'ajiyar ƙwai, sai ki ji mai jego tana kukan bushewa da zafi wajen saduwa tana zargin kanta ko mijin yana zarginta, alhali lissafin homon ne kawai kuma yana dawowa. Irin wannan ne ke faruwa in al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, yawanci tsakanin shekara 45 da 55, sai dai shi wannan ba ya dawowa da kansa. Bango ya sirance, sitaci ya ƙare, masu gadi su watse, pH ya haura 5, ga bushewa ga raɗaɗi ga yawan ciwon fitsari. Mata da yawa a wannan shekarun suna ta shan antibayotik a banza, abin da ya ɓace istirojin ne, kuma akwai na shafawa ko na sakawa a wurin da likita kan rubuta in ya duba ya ga ya dace.

To su masu gadin ma ba duka suka zama ɗaya ba. Huɗu ne suka fi yawa, kirispatus da gaseri da jenseni da inas. Kirispatus shine jarumin, in ya kafu tsamin ya fi ƙarfi kuma ba ya saurin gushewa. Inas kuwa ɗan ba-ruwana ne, ana samunsa a lafiya ana samunsa a cikin rikici, kariyarsa ba ta kai ta wancan ba. A 2011 Jacques Ravel da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da binciken da suka yi kan mata 396 waɗanda ba sa kukan komai, suka ga sun kasu gida biyar, gida huɗu kowanne da laktobasilas ɗin da ya mamaye, na biyar kuwa ba mai rinjaye, tarkacen bakteriya ne iri-iri kuma tsaminsu bai kai na sauran ba. Wannan gida na biyar ya fi yawa a mata baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, wajen 4 cikin kowane 10. Ni a ganina wannan ya kamata ya sa a rage gaggawar cewa kowace mace dole ta zama iri ɗaya, tunda ga mata nan lafiya lau ba sa jin komai. Amma fa kar a ce ba komai kenan, don wani bincike da aka yi kan 'yan mata a Afirka ta Kudu da ya fito a 2017 ya nuna masu irin wannan tarkacen sun fi masu kirispatus haɗarin kamuwa da ƙanjamau sama da ninki 4, saboda ƙwayoyin suna tayar da kumburi a ɓoye, kumburin kuma yana janyo ainihin ƙwayoyin garkuwar jiki da cutar ke nema.

Yanzu ga inda kalmar sanyi take cutar da mu. Abubuwa uku ne suka fi canza ruwan gaba, kuma kowanne da abin da ke kawo shi, ba kuma magani ɗaya ne ke warkar da dukkansu ba.

Na farko kuma mafi yawa shine rikicewar bakteriya, a asibiti za ki ji suna ce masa BV. Wannan juyin mulki ne, laktobasilas su ragu, wasu da ba sa son iska irin su gadinerela da firebotela su ninka kansu su mamaye, tsami ya gudu pH ya haura 4.5. Wasu likitoci biyu a Amurka, Gardner da Dukes, su suka yi bayaninsa a 1955, daga sunan na farkon aka samo gadinerela. Waɗannan ƙwayoyin suna narkar da yauƙin da ke kare bango shi ya sa ruwan yake tsinkewa ya zama fari-toka-toka, suna kuma fitar da wasu sinadarai, ɗaya daga ciki shine dai wanda ke sa kifi ƙarni in ya kwana. Sinadaran nan in akwai tsami a ɗaure suke, da zarar abu marar tsami ya taɓa su sai su tashi a iska. Kin tuna jini da maniyyi da na ce ki riƙe? To shi ya sa mai wannan matsala take cewa warin ya fi tashi bayan saduwa ko lokacin al'ada. Yawanci ba ya zuwa da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma kusan rabin masu shi ba sa jin komai. A duniya ana ƙiyasta kashi 23 zuwa 29 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, kinga ba abin kunya ba ne kuma ba ƙazanta ba ce. Ga mai ciki yana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini.

Maganinsa metronidazol ne ko kilindamaisin, yana ji, matsalar ita ce dawowa, fiye da rabi yana dawo musu cikin shekara. Dalili ɗaya shine ƙwayoyin suna gina wata shimfiɗa mai danƙo a jikin bango su lafe a ƙarƙashinta magani ya wuce ta sama. Dalili na biyu kuma an daɗe ana musu a kansa, shekara da shekaru ana cewa ba ruwan miji, sai ga wani gwaji a Ostareliya da aka buga a 2025, aka raba ma'aurata gida biyu, inda aka yi wa mace kaɗai magani kashi 63 ya dawo musu cikin mako 12, inda aka haɗa da namijin, ya sha ƙwaya ya kuma shafa mai, kashi 35 ne kawai. Har sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa don bambancin ya fito fili. An kuma gwada mayar da kirispatus ɗin kansa cikin farji bayan an gama antibayotik, a sakamakon da ya fito a 2020 dawowar ta sauka daga kashi 45 zuwa 30. Ya taimaka amma bai kashe maganar ba, kuma wannan wani nau'i ne na musamman da aka gwada, ba duk abin da aka rubuta wa laktobasilas a kwali ne zai yi wannan aikin ba.

Na biyu kandida, wannan ba bakteriya ba ce ma, fangas ne, dangin yis. Tana zaune a jikin mata da yawa shiru ba ta damun kowa sai ta samu sarari. Kusan mata 3 cikin 4 za su yi fama da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Alamarta ƙaiƙayi kamar ki cire wurin, ja, kumburi, raɗaɗi in fitsari ya taɓa, ruwan kuma fari mai kauri guda-guda kamar madarar da ta tsinke, ba wari sosai. Abin lura, ita tsami bai dame ta ba, in aka auna pH sai a same shi daidai. Kuma tana son istirojin da suga, shi ya sa ta fi kama mai ciki da mai ciwon suga da ba a daidaita ba, ba kasafai ake ganinta a yarinyar da ba ta balaga ba ko wadda al'adarta ta ɗauke gaba ɗaya. Babban mai buɗe mata ƙofa kuwa antibayotik ne, ya share bakteriya ya bar mata fili ita kaɗai tunda ba ya taɓa ta. To ki duba wannan zagayen, mace ta ga ruwan fitar ƙwai na lafiya, ta ce sanyi, ta sha antibayotik, bayan sati ƙaiƙayi ya taso, ta ce sanyin ya yi ƙarfi, ta ƙaro wani antibayotik ɗin da ya fi na farko. Garin neman gira a rasa ido kenan. Ita maganin fangas take so, kuma mai ciki na sakawa ake ba ta ba na sha ba.

Na uku tirikomonas, wata 'yar halitta ce mai ƙwaya ɗaya mai bulala tana iyo, ta saduwa ake ɗaukarta, ruwan kan zo da yawa, rawaya ko kore-kore, wani lokacin da kumfa da wari da zafi, amma da yawa ba sa ganin alama ko ɗaya musamman maza. Wannan dole a yi wa miji da mata magani tare in ba haka ba a yi ta miƙa wa juna. Gonoriya da kilamidiya su kuma bakin mahaifa suke kamawa, sau da yawa shiru, sai sun haura sun lalata bututun ƙwai ake farga.

Ko likita in ya tsaya kan kallon launi kawai yana iya kuskure, balle ke da madubi a ɗaki, kuma biyu suna iya haɗuwa a lokaci ɗaya. Gwajin kuma ba wani abu ne mai wuya ba, a ɗebi ruwan da ɗan auduga a auna tsaminsa, a ɗiga masa wani sinadari a ji ko ƙarni zai tashi, a duba a madubin likita ko za a ga ƙwayoyin bango da bakteriya suka lulluɓe, ko zaren fangas, ko mai bulalar nan tana motsi.

Maganar wanki kuwa gajeriya ce. Waje ake wankewa, ruwa ya isa, ciki yana wanke kansa, ruwan da ke fita ɗin shine wankin. Sabulu kishiyar tsami ne, tura shi ciki ko feshin ruwa ko maganin kashe ƙwayoyi ko wani abu mai ƙamshi yana kwashe masu gadi ne, wari ya ɗan lafa na awanni ya dawo da ƙarfinsa, ke kuma ki ƙara wanki. An daɗe da ganin cewa masu wannan ɗabi'a sun fi yawan samun BV. Shan taba ma yana cikin abubuwan da ke rage laktobasilas.

Tambayar da za ki riƙa yi wa kanki ba wai akwai ruwa ko babu ba, a'a, ya canza daga wanda na saba gani a irin wannan kwanakin na wata? In kika lura da jikinki wata biyu ko uku za ki san naki tsarin. Abin da ke buƙatar asibiti shine sabon wari, ko launi ya koma kore ko toka ko rawaya sosai, ko ƙaiƙayi da raɗaɗi da ƙuraje. Wanda ba a jira da shi kuwa, ruwa tare da ciwon mara da zazzaɓi, jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada, ruwa mai jini-jini ko kowane irin jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya don ana so a cire shakkar ciwon daji, mai ciki da ta ji ruwa na zuba tsararo kamar fitsari, da kuma yarinya ƙarama mai ruwa mai wari ko jini, don sau da yawa wani abu ne ya maƙale a ciki kamar guntun takardar goge-goge. Babbar mace ma takan manta da audugar al'ada ta sakawa a ciki, warin da wannan ke yi ba a magana.

In za ki je gwajin, kar ki wanke ciki ko ki saka wani magani a kwana ɗaya ko biyu kafin nan, a daure a bar saduwa ma, in ba gaggawa ba ce kuma ki bari jini ya ɗauke, don duk waɗannan suna ɓata abin da za a ɗiba a dawo miki da sakamako cewa ba a ga komai ba. Ki tafi da ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, da sunan tsarin iyalin da kike yi in akwai, da kwalayen duk magungunan da kika sha a 'yan makonnin nan, har wanda kike jin nauyin faɗa.